Dokar Laifin Ƙiyayya A Ingila: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daga Wakilinmu

A ƙasar Ingila akwai wani irin laifi da hukuma ta ware ta ba shi suna na dabam, watau laifin ƙiyayya. Abin nufi shi ne mutum ya doki wani, ko ya yi masa barazana, ko ya ɓata masa dukiya, alhali kuwa babu abin da ya taɓa haɗa su, illa dai ya tsani launin fatarsa, ko addininsa, ko wata naƙasa da Allah ya ɗora masa. Yau fiye da shekara ashirin da biyar ke nan Turawan ƙasar suna ta fama da wannan doka, suna ƙari suna ragi, amma har yanzu gardama ba ta mutu ba. Duk wanda ya bi tarihin al'amarin a tsanake zai ga cewa rubuta dokar a majalisa bai taɓa ba su wuya ba. Inda gizo yake saƙar shi ne a caji ofis, gaban kurtun da ke zaune bakin kanta, wanda shi ne zai fara jin ƙara, ya kuma yanke shawarar ko zai tashi ko zai ci gaba da zamansa.

Dokar da ake magana a kai an kafa ta ne a 1998, zamanin gwamnatin Tony Blair. Ba ta hana kowa ƙin kowa a zuciyarsa ba, don kuwa babu hukumar da ke iya leƙa zuciya. Abin da ta yi shi ne ƙara nauyin hukunci idan aka tabbatar wa kotu cewa ƙiyayyar launin fata ce ta sa aka aikata laifin, ko kuwa mai laifin ya nuna wannan ƙiyayya a lokacin da yake aikatawa. Alal misali, ɗan dukan da iyakar hukuncinsa wata 6 ne a kurkuku yana iya komawa shekara 2. Jikkata mutum, wanda iyakarsa shekara 5, sai ya koma shekara 7, ɓarnar dukiya kuma daga shekara 10 ta koma 14. A 2001 aka shigar da ƙiyayyar addini cikin dokar. A 2003 aka ba alƙalai umarni su tsananta hukunci idan an cuci mutum saboda naƙasa ko saboda yana cikin masu neman jinsi ɗaya, sa'an nan a 2012 aka ƙara da masu sauya jinsi.

Hujjar masu wannan doka ba ta da wuyar fahimta. Idan ɓarawo ya tare mutum ya ƙwace masa agogo, to, mutum ɗaya aka cuta. Amma idan aka tare shi aka yi masa jina-jina don kawai shi baƙar fata ne, ko don an gan shi ya fito daga masallaci, to, duk mai irin fatarsa ko addininsa a wannan unguwa ya ji dukan a jikinsa, gobe kuwa sai ya yi tunani sau biyu kafin ya aiki ɗansa kanti da dare. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma mai hankali ba zai yi jayayya da ita ba.

Kisan Stephen Lawrence

Ran 22 ga watan Afrilu, 1993, da dare, wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 18 mai suna Stephen Lawrence yana jiran bas tare da abokinsa Duwayne Brooks a unguwar Eltham, kudu maso gabashin Landan. Iyayensa mutanen Jamaika ne, shi kuwa ɗalibi ne mai burin zama mai zanen gine-gine. Sai ga wasu samari Turawa sun tsallako titi suna yi musu zagin launin fata, suka rufar wa Stephen, suka daɓa masa wuƙa wuri biyu. Ya yunƙura ya yi gudu na fiye da mita ɗari, sa'an nan ya faɗi, rai ya yi halinsa.

A wannan dare babu wata sabuwar doka da 'yan sanda suke bukata kafin su yi aikinsu, gama kisan kai laifi ne tun ran gini tun ran zane. Amma 'yan sandan da suka fara isa wurin ba su ba yaron taimakon gaggawa ba. Abokinsa da ya tsira da ƙyar, maimakon a lallashe shi a matsayin wanda aka kai wa hari, sai aka riƙa kallonsa kamar wanda ake tuhuma. Cikin 'yan kwanaki kaɗan mutanen unguwa suka tsegunta wa 'yan sanda sunayen waɗanda ake zargi, amma aka yi mako biyu cur ba a kama kowa ba, watau an ba masu laifi isasshen lokacin da za su ɓatar da shaida. Sai washegarin ranar da Nelson Mandela ya gana da iyayen yaron a Landan, cikin watan Mayu, aka fara kame. Zuwa watan Yuli masu gabatar da ƙara na gwamnati suka janye tuhuma, suka ce shaida ba ta isa ba.

Iyayen, Neville da Doreen Lawrence, ba su haƙura ba. Suka shigar da ƙara da kansu, amma shari'ar ta rushe a 1996, aka sallami mutum uku. A 1997 Ministan Harkokin Cikin Gida, Jack Straw, ya naɗa tsohon alƙalin Babbar Kotu, Sir William Macpherson, ya bincika yadda aka yi wannan sakaci. Rahotonsa ya fito a watan Fabrairu, 1999, ɗauke da shawarwari 70. Ya ce rashin iya aiki, da gazawar manyan hafsoshi, da kuma wariyar launin fata wadda ta shiga jinin rundunar 'yan sandan Landan, su ne suka taru suka lalata binciken. Sai da aka gyara tsohuwar ƙa'idar nan da ta hana a gurfanar da mutum sau biyu kan laifi ɗaya, aka kuma gano wani ɗigon jini da ido ba ya iya gani a jikin rigar ɗaya daga cikinsu, sa'an nan kotu ta kama Gary Dobson da David Norris da laifin kisan a watan Janairu, 2012, watau bayan kusan shekara 19. Sauran kuwa har yau babu wanda aka ɗaure saboda wannan kisa.

Ƙa'idar Macpherson

Daga cikin shawarwarin nan 70 akwai ɗaya da ta fi sauran tasiri a kan aikin yau da kullum. Macpherson ya ba da shawara cewa duk abin da ya auku wanda mai ƙara, ko wani mutum dabam, ya ɗauka cewa wariyar launin fata ce, to, ɗan sanda ya rubuta shi a haka. Dalilinsa a fili yake. Ya ga yadda hafsoshi suka yi ta musun cewa launin fata ne ya jawo kisan Stephen, saboda haka ya so ya ƙwace wannan iko daga hannun kurtun da ke bakin kanta, kada ya kori mai ƙara tun kafin a fara bincike. Ƙa'ida ce ta rubutawa da buɗe bincike. Tabbatar da laifi kuwa yana nan a hannun kotu, da shaidu da hujja, kamar yadda aka saba.

Adadin ƙararrakin da ake rubutawa ya yi ta hawa. A shekarar da ta ƙare a watan Maris, 2022, 'yan sandan Ingila da Wales sun rubuta laifuffukan ƙiyayya 155,841, a wadda ta ƙare a Maris, 2024, kuma 140,561. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da kanta ta sha bayyana cewa babban dalilin hawan adadin cikin shekarun da suka gabata shi ne an ƙara kula da rubutawa. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka cewa yawan lamba a littafin 'yan sanda shi ne yawan mugunta a titi, kada kuma ya ɗauka cewa yawan rubutu shi ne yawan kariya.

Wanda yake shakkar wannan magana ta ƙarshe sai ya dubi abin da ya sami Bijan Ebrahimi, wani ɗan gudun hijira daga Iran, mai naƙasa, da ke zaune a birnin Bristol. Hukumar da ke binciken ƙorafi a kan 'yan sanda ta gano cewa tsakanin 2007 da 2013 ya buga wa 'yan sanda waya sau 85, yawanci yana kukan zagin launin fata da ɓarnar dukiya da barazanar kisa, kuma aƙalla sau 40 ba a rubuta ƙarar a matsayin laifi ba. A watan Yuli, 2013, maƙwabta suka yi masa ƙazafin cewa yana lalata da yara. Da wani maƙwabcinsa ya shiga gidansa ya kai masa hari, ya kira 'yan sanda, sai suka zo suka kama shi, shi mai ƙarar. Bayan kwana uku aka yi masa duka har ya mutu, aka cinna wa gawarsa wuta. An ɗaure wanda ya kashe shi rai da rai, a 2016 kuma aka ɗaure wani ɗan sanda da wani mataimakin 'yan sanda saboda wasa da aikin hukuma. Wannan fa ya auku ne shekara 15 bayan kafa dokar, shekara 14 bayan rahoton Macpherson. Doka tana nan, ƙa'ida tana nan, amma wanda aka damƙa wa amanarsu ya ga mai ƙarar a matsayin fitinanne mai yawan damun mutane.

Gudun Gara An Faɗa Gidan Zago

A daidai lokacin da ake wannan sakaci a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sai ƙwazo ya wuce gona da iri. A 2014 kwalejin da ke tsara ƙa'idojin aikin 'yan sanda ta fitar da umarni cewa ko da abin da aka kawo ƙara a kai bai kai laifi ba, a rubuta shi a matsayin abin ƙiyayya da ya auku, ko akwai shaidar ƙiyayyar ko babu. Irin wannan rubutu kuwa yana iya ɗauke da sunan mutum, yana kuma iya fitowa idan ya nemi aikin da ake yi wa bincike mai zurfi, kamar koyarwa ko kula da yara, alhali bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

A watan Janairu, 2019, wani ɗan sanda na rundunar Humberside ya je wurin aikin wani ɗan kasuwa mai suna Harry Miller, wanda shi ma tsohon ɗan sanda ne, saboda wata mata da ba ta san shi ba ta karanta ra'ayoyin da ya rubuta a Twitter game da masu sauya jinsi, ranta ya ɓaci. Aka shaida masa cewa bai yi laifi ba, amma an rubuta sunansa, aka kuma gargaɗe shi cewa idan abin ya yi gaba yana iya kai shi ga tuhuma. Miller ya garzaya kotu. A watan Fabrairu, 2020, Babbar Kotu ta ce abin da 'yan sandan suka yi masa ya saɓa wa 'yancinsa na faɗin albarkacin baki, a watan Disamba, 2021, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce shi kansa umarnin kwalejin ya zarce iyaka. Gwamnati ta fitar da sabuwar ƙa'ida a 2023 wadda ta hana rubuta ƙararrakin banza da na ƙeta, a watan Oktoba, 2025, kuma rundunar 'yan sandan Landan ta ce ta daina binciken abin da bai kai laifi ba.

Yankin Sikotlan ma ya ɗanɗana irin wannan. Da sabuwar dokarsu ta laifin ƙiyayya ta fara aiki ran 1 ga watan Afrilu, 2024, a mako na farko kaɗai aka aiko wa 'yan sanda ƙararraki fiye da 7,000 ta intanet, yawanci ba suna, amma 240 ne kawai aka rubuta a matsayin laifin ƙiyayya. Kowace ɗaya daga cikin sauran dubban nan sai da wani ma'aikaci ya zauna ya karanta ta, lokacin da ya ɓata a kai kuwa an ɗebe shi ne daga lokacin wani mai ƙara na gaskiya.

Ko Za A Yar Da Littafin?

Wasu sun ce tun da haka abin ya zama, a soke rubuta duk abin da bai kai laifi ba, a huta. Wannan ma kuskure ne, kuma labarin Fiona Pilkington ya isa hujja. Matar nan tana zaune a lardin Leicestershire da 'yarta mai naƙasa, 'yan iskan unguwa suka shekara goma suna jifar gidansu suna yi musu ba'a. An tuntuɓi 'yan sanda sau 33 game da wannan gida, amma kowace ƙara aka ɗauke ta ita kaɗai, ƙaramin abu, babu wanda ya haɗa ta da ta jiya. A watan Oktoba, 2007, uwar ta ɗauki 'yarta mai shekara 18 a mota ta cinna wa motar wuta, duk suka mutu. Da an tara ƙararrakin nan wuri guda, da kowane saje ya ga cewa farautar mutum ake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma littafin da aka kula da shi ne ke nuna tsagar tun tana ƙarama.

To, ina iyakar take? A ganina ba ta da wuyar shatawa. Akwai mutumin da ake bi har ƙofar gidansa, ana kiran sunansa, ana jifar tagarsa, yana kwana da fargaba. Akwai kuma mutumin da ya karanta ra'ayin wani baƙo a intanet ransa ya ɓaci. Na farko haƙƙin 'yan sanda ne su rubuta, su haɗa ta yau da ta jiya, su taka su je, ko da abin bai kai a gurfanar da kowa ba tukuna. Na biyu kuwa maganinsa amsa ce da hujja, sai fa idan maganar ta zama barazana ko tunzura jama'a su afka wa wasu, wanda shi kuma laifi ne da doka ta riga ta tanada.

Idan aka lura, sakacin Eltham da Bristol da kuma wuce gona da iri na Humberside duk uwarsu ɗaya, watau gudun wahalar yin tunani da gudun wahalar aiki. Korar mai ƙara baƙo, marar gata, wanda Turancinsa bai nuna ba, abu ne mai sauƙi. Rubuta sunan mai surutu a Twitter shi ma mai sauƙi ne, ga shaida a rubuce, ba sai an fita cikin sanyi ana ƙwanƙwasa ƙofofi ba, ga shi kuma lamba ta ƙaru a rahoton ƙarshen shekara. Abin da ke da wuya shi ne tsare wurin da aka yi kisa, da kama wanda ake zargi kafin ya wanke rigarsa, da lallashin shaidun da tsoro ya kama. Don kuwa kada a ɗauka cewa ciwon farko ya warke, a watan Maris, 2023, rahoton Louise Casey ya sake samun rundunar Landan da wariyar da ta shiga jinin hukuma, shekara 24 bayan Macpherson, ko da yake shugaban rundunar, Sir Mark Rowley, ya amince da abin da aka gano amma ya ƙi karɓar wannan lakabi.

Gani Ga Wane

Wannan tarihi ya shafe mu, domin rundunar 'yan sandan Nijeriya Turawan Ingila ne suka kafa ta, suka haɗa ta Arewa da ta Kudu a 1930, tsarin shari'armu kuma da yawansa daga gare su muka gada. Bugu da ƙari mu ma mun taɓa neman maganin ƙiyayya ta hanyar sabuwar doka. A watan Nuwamba, 2019, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya gabatar wa Majalisar Dattawa shirin dokar hana kalaman ƙiyayya, wanda ya tanadi hukuncin rataya idan maganar mutum ta jawo asarar rai. Jama'a suka yi ca, shirin bai zama doka ba. Amma a watan Mayu, 2022, gungun mutane suka kashe wata ɗaliba a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, a watan Maris, 2025, kuma aka tare mafarauta 'yan Arewa a garin Uromi na Jihar Edo suna kan hanyarsu ta komawa Kano, aka kashe 16 daga cikinsu. Duka biyun kisan kai ne a ƙarƙashin dokokin da muke da su tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan shafi. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tafiya da zama ko'ina a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini a sashe na 42, ya kuma ba shi 'yancin faɗin ra'ayinsa a sashe na 39.

Saboda haka ma'aikatan gwamnati da ke tsara dokoki, da ɗalibanmu masu karatun shari'a waɗanda gobe su ne lauyoyi da alƙalai, ya kamata su riƙe abu uku daga abin da ya sami Ingila. Na farko, duk dokar da za a yi ta rataya a kan aikin da mutum ya aikata da nufin da ya sa shi, tabbatar da nufin kuma ya zama aikin kotu. Na biyu, a tilasta wa kowane caji ofis ya rubuta ƙarar baƙo da marar galihu, a ba mai ƙara lambar ƙararsa, wani babban hafsa kuma ya riƙa duba littafin don ya ga gidan da sunansa ke yawan maimaituwa. Na uku, ɗan sandan da ya yi wasa da ƙara har aka rasa rai ya tsaya gaban alƙali, kamar yadda aka yi a Bristol, kada a tsaya kan yi masa canjin wurin aiki.

Ran da aka fara auna ƙwazon ɗan sanda da yawan rayukan da ya tsare da masu kisan da ya kai gaban shari'a, ran nan ne dokar laifin ƙiyayya za ta yi amfanin da aka kafa ta dominsa, a Ingila ko a wata ƙasa. Allah ya ba shugabanninmu da masu tsaron lafiyarmu ikon riƙe amana, amin.